Patron ɗina dattijon ikilisiya ne, amma shina sa ni sa hannu kan takardar ƙarya

Wani matashi ya rubuto mini daga Yamai, ga abin da ya ce a taƙaice:

"Inna ina gaisuwa. Ni ɗan wajen Galmi ne, ina aikin magazinye, wato mai riƙon ɗakin ajiyar kaya, a wani kamfanin gini. Wanda ya ɗauke ni aiki abokin mahaifina ne, Baba nike ce mishi, kuma dattijo ne a ikilisiyarmu. In mota ta kawo siminti buhu 150 sai shi ce in rubuta 200 a bon, takardar karɓar kaya, in sa hannu, ƙarshen wata shi miƙo mini ambulan. Na daɗe ina yi, ina ma fidda ushiri daga ciki. Tsohona ba shi da lafiya, ƙannena na lakwal, duk ni anka sa ma ido. Yanzu ko jibin Ubangiji ba ni iya ci da kwanciyar rai. Amma ba Littafi ne ya ce mu yi ma manya da iyayengiji biyayya ba? Kuma in na ƙi, Allah zai ba ni wani aikin?"

Ɗana, sannu da wanga nauyi. Na karanta saƙonka kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne godiya ga Allah da har yanzu zuciyarka tana damunka, don akwai masu irin wanga aiki da sunka daɗe da wuce wurin, suna sa hannu suna hira, ko gezau. Kai kuwa ka kai gaban teburin Ubangiji hannunka ya yi nauyi. Kada ka nemi wanda zai lallashe ka har nauyin nan shi tafi, shi ne ya sa ka rubuto.

Bari mu fara da abin da kake sa ma hannu, don ina jin kalmar "bon" ta sa abin ya yi maka kama da takarda kawai. Kai ne ke tsaye bakin magaza da rana tsaka, mota ta ja baya, yaran nan masu sauke kaya kansu da girarsu duk sun yi fari fat da ƙurar siminti, kana ƙirgawa suna jerawa goma goma har buhu na ƙarshe, direba na jiranka shina shan ruwan leda. Idonka ya ga 150. Sannan ka shiga ciki ka ɗauki biro ka danna da ƙarfi don karbon shi fito, ka rubuta 200. Buhu 50 ɗin nan da babu su, kowane kilo 50 ne, tan biyu da rabi ke nan, kuma dole wani shi biya su. Ko dai mai ginin shi biya kuɗin abin da bai taɓa shiga filinshi ba, ko kuma, wanda ya fi ba ni tsoro, a ce ma magini shi lallaɓa da abin da ke akwai. Duk wanda ya san gini ya san kwaɓin da ake zuba dal da ginshiƙai da shi yakan ci wajen kilo 350 na siminti a kowane mita kib, buhu 7 ke nan, in anka rage anka cika da rairayi ranar da anka gama ba mai ganewa, fenti zai rufe komai, sai damina ta yi ta bugunshi shekara da shekaru, kuma waɗanda za su kwana ƙarƙashin dal ɗin nan ba su san Baba ba, ba su san ka ba. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Biron nan naka shi ne ma'aunin.

Ka kuma lura da wani abu, sunan wa ke jikin takardar? Naka. Ranar da mai gini ya kawo wanda zai bi lissafi, ko anka kai maganar kwamisariya, Baba zai iya cewa shi abin da magazinye ya rubuta mishi ya gani. Ban ce zai yi hakan ba, na ce dai hanyar a buɗe take gare shi, kai kuma taka a rufe. Ambulan ɗin ƙarshen wata ma aikinshi ke nan, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi mishi aski.

To maganar biyayya ga manya. Ba ka yi kuskure ba, tana nan cikin Littafi kuma mu Hausawa ba mu buƙatar a koya muna ita, da ita munka tashi, yaro ba shi kallon tsabar idon babba, abokin uba kuwa uba ne. Ni ba zan taɓa ce maka ka raina mutumin da ya ɗauke ka aiki lokacin da kake yawo da takardunka cikin Yamai ba. Amma ka koma ka karanta ayoyin har ƙarshensu. Afisawa 6:1 ta ce ƴaƴa su yi ma iyayensu biyayya cikin Ubangiji. Kolosiyawa 3:22 da ta ce a yi ma iyayengiji biyayya, a cikin ayar nan dai ta ƙare da cewa da zuciya ɗaya, saboda tsoron Ubangiji. Ikon da babba ke da shi a kanka aro ne daga wurin Allah, ba shi iya amfani da shi shi sa ka taka dokar wanda ya ara mishi. Shi ya sa da majalisa ta hana manzanni koyarwa da sunan Yesu, Bitrus da sauran sunka ce wajibi ne su yi ma Allah biyayya fiye da mutane, Ayyukan Manzanni 5:29, kuma ka tuna waɗanda sunka ba da umarnin nan shugabannin addini ne, har da babban firist. Zaman Baba dattijon ikilisiya bai canza lissafin buhu ba. Ungozoman nan biyu na Masar, Shifra da Fu'a, sarki da kanshi ya ce su kashe jariran Ibraniyawa maza, Fitowa 1:17 ta ce sun ji tsoron Allah sunka ƙi.

Ushirin da kake fiddawa kuma, nan ne nike so ka saurare ni da kyau don na san da kyakkyawar niyya kake yi, kana ganin in Allah ya samu rabonshi sauran ya tsarkaka. Wani ya riga ka yin wanga tunani, sarki Saul, cikin 1 Sama'ila 15. An ba shi umarni a fili game da Amalekawa, sai ya bar sarkinsu Agag da rai, ya ware tumaki da shanu mafi kyau. Da annabi Sama'ila ya iso Saul ya tarye shi da fara'a shina cewa ya cika umarnin Ubangiji, Sama'ila ya ce to kukan tumakin nan da nike ji fa, da na shanu? Saul ya ce ai don a yi ma Ubangiji hadaya anka kawo su. Nan ne Sama'ila ya faɗi maganar da kowa ya sani, a aya ta 22, cewa biyayya ta fi hadaya, saurare kuma ya fi kitsen raguna. Amma wadda ta fi taɓa ni a kanka ita ce aya ta 24, inda Saul ya fito da gaskiyar abin, ya ce ya ji tsoron jama'a ne shi ya sa ya bi maganarsu. Ba son tumaki ne ya kai shi ba tun farko, tsoron fuskar mutane ne. Kai ma ban ga kwaɗayi cikin saƙonka ba, tsoro na gani, tsoron fuskar Baba, tsoron ranar da za ka kira gida ka ce wanga wata babu. Allah ba shi da buƙatar kashi ɗaya cikin goma na simintin wani. Ka daina sa wanga kuɗi cikin baiko, daga wannan Lahadi.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta hana ka barci. In ka ƙi, Allah zai ba ka wani aikin?

Ba zan yi maka wanga alkawari ba ɗana, don Allah bai ba ni shi in ba ka ba. Na san akwai wa'azin da ke yawo a WhatsApp, ka yi biyayya yau gobe ƙofa ta buɗe, ka shuka kaza ka girbe ninki kaza, kuma raina na ɓaci da irin wanga koyarwa don na ga abin da take yi ma matasa, yaro shi yi abin da ke daidai shina jiran lada ƙarshen wata, wata uku shiru, sai shi ce Allah ya yaudare shi, alhali Allah bai taɓa faɗin haka ba, mai wa'azin ne ya faɗa. Ka duba mutanen da Littafi ke yabo. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, ya ce ina zai yi wanga babban mugun abu shi yi ma Allah zunubi, ladan da ya fara gani kurkuku ne. Shekararshi 17 lokacin da labarinshi da ƴan'uwanshi ya fara, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma ko bayan da ya fassara ma mai shayar da sarki mafarki sai da ya ƙara shekara 2 cur a ɗaure don mutumin ya manta da shi. Shi aƙalla ya ga ƙarshen abin da idonshi. Yahaya Maibaftisma fa? Ya gaya ma Hirudus bai halatta shi zauna da matar ɗan'uwanshi ba, anka ɗaure shi, anka fille mishi kai, Markus sura 6, bai fito ba. Ibraniyawa 11 ta jera su duka wuri guda, waɗanda sunka rufe bakin zakoki da waɗanda anka jejjefe da duwatsu, duk ta kira su masu bangaskiya, ba ta ce na biyun sun gaza ba.

Maganar da nike so ka riƙe ita ce ta samarin nan uku a Babila, Shadrak da Meshak da Abednego, Daniyel 3:17-18. Sun ce ma Nebukadnezzar Allahn da suke bauta ma shina da ikon cetonsu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece su ba, sarki shi sani ba za su yi ma gunkin sujada ba. Sun faɗi haka ne tun ba su san yadda za ta ƙare ba, wutar na ci suna jin zafinta. In biyayyarka ta dogara ga samun wani aiki to ciniki ne kake yi da Allah, kuma ranar da ka ga cinikin bai biya ba za ka koma ma biron.

Sai ka ce to mi ne ne amfaninta ke nan? Yesu ya ce in kuna ƙaunata za ku kiyaye umarnaina, Yahaya 14:15, kuma a aya ta 23 ya ce wanda ya kiyaye maganarshi, shi da Uba za su zo su zauna tare da shi. Abin da anka yi maka alkawari ke nan, shi kanshi. Ba da biyayya muke sayen ceto ba, wannan Almasihu ya gama shi a kan gicciye, kuma shi ma ta wannan hanya ya bi, a Getsamani ya roƙa a ɗauke mishi ƙoƙon, sannan ya ce ba nufina ba sai naka, kuma ba a ɗauke ba. Ibraniyawa 5:8 ta ce ko da shike Ɗa ne ya koyi biyayya ta wurin wahalar da ya sha. Wanda ke ce maka ka bi shi ya san mi ake ji in biyayya ta ci mutum. Kuma akwai abin da za ka samu tun yanzu wanda ambulan ba shi saye. Za ka iya durƙusawa ka yi addu'a ba tare da kana kewaye wani lungu na zuciyarka ba. Za ka daina faɗuwar gaba duk lokacin da baƙuwar mota ta tsaya bakin shantiye. Yau mutum guda ne ke riƙe da kai, abin da ya ce shi kake rubutawa, in gobe ya ce 250 ba ka da bakin musu. Ranar da ka ce a'a saboda Allah, ranar ce ka fita daga hannunshi ko da kana ci gaba da yi mishi aiki. Game da ci da sha kuwa, Matiyu 6:31-33 ta ce Ubanku ya san kuna buƙatarsu, ku fara neman mulkinshi. Na gaskata wannan da dukan raina, sai dai bai faɗi ta wace hanya ba ko wane wata, kuma sau da yawa ta hannun ƴan'uwa yakan biyo.

Akwai kuma sunan da kake ɗauke da shi. Mu masu bi a Nijar ba mu da yawa, tsiraru ne ƙwarai, a wurare da dama kai kaɗai ne Kirista da abokan aikinka za su taɓa sani kusa. Kai ɗan wajen Galmi ne, ka san asibitin mishan da ke nan tun 1950, ka ga yadda mutane ke tasowa daga Tawa da Ƙonni da Madawa har da ƙetaren iyaka, mafi yawansu Musulmi, suna miƙa jikinsu da na ƴaƴansu don sun yarda da aikin. Shekaru anka yi ana gina wanga yarda. Direban motar nan ya san nawa ya ɗauko, yaran da sunka sauke sun san nawa sunka jera, kuma sun san ina kai da Baba kuke zuwa ran Lahadi.

To yaya za ka yi? Kada ka tashi gobe ka yi wa'azi tsakar shantiye, kuma kada ka aje aiki cikin fushi. Daniyel da ya ƙi abincin sarki roƙo ya yi wurin shugaban fadawa, cikin ladabi, har ya kawo shawarar a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa. Bulus ma ya ce ma Timoti kada shi tsauta ma dattijo, shi roƙe shi kamar uba, 1 Timoti 5:1. Ka iske Baba gida, ba buro ba, lokacin da babu kowa, ka gaishe shi yadda ka saba, ka zauna ƙasa. Ka gode mishi da alherin da ya yi maka da tsohonka, da gaske, don ya yi. Sannan ka ce mishi: Baba, zuciyata ta hana ni sakat, ba ni iya ƙara rubuta abin da ban ƙirga ba, kuma ina roƙonka ka bar ba ni ambulan ɗin nan, duk aikin da ka sa ni na gaskiya zan yi maka shi dare da rana. Iyakar ta ke nan. Kada ka kira shi ɓarawo, kada ka yi mishi barazana, ka yi maganar kanka kawai. Wataƙila shi yi fushi, wataƙila shi tuna maka da asibitin tsohonka, ka yi shiru ka saurara amma kada ka janye. Wataƙila kuma shi ji kunya, don shi ma ɗan'uwa ne da ya faɗi, kuma mai yiwuwa shekara da shekaru babu wanda ya ƙaunace shi har ya gaya mishi gaskiya. Ka yi mishi addu'a kafin ka tafi wurinshi.

In ya ƙi ji ya ci gaba da matsa maka, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya, daga kai da shi, sai ka ƙara mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Ka sami pasto ko wani dattijo da ka san ba shi da harkar kuɗi da Baba. Kada maganar ta fara fita ta bakin mawaƙan ikilisiya ko ta gurup ɗin matasa, ƙarar da ake kawowa kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, haka 1 Timoti 5:19 ta ce, kuma wannan kariya ce gare ka kai ma. Daga yau ka sayi ƙaramin kaye naka, duk motar da ta zo ka rubuta rana da lambarta da abin da ka ƙirga, direba shi sa hannu in ya yarda. In anka kore ka, akwai dokar aiki ta 2012 kuma akwai ofishin sufeton aiki da ke sauraren irin wagga ƙara, ka adana kwantiraginka da takardun albashi in kana da su. Ka fara cigiyar wani aikin tun yanzu a hankali, wannan ba rashin bangaskiya ba ne, mutum mai iya riƙon magaza da lissafi ana nemanshi wurin ƴan kasuwar Katako da sauran masu kayan gini.

Abin da ya wuce kuma, ka furta shi gaban Allah da sunanshi, 1 Yahaya 1:9 ta ce shi mai aminci ne zai gafarta. Amma kuɗin da ka karɓa yana da mai shi. Zakka mai karɓar haraji da Yesu ya shiga gidanshi a Yariko, da bakinshi ya ce zai mayar ma duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ban ce ka yi ninki huɗu ba, na san aljihunka, amma ka zauna ka lissafa abin da ya shigo hannunka, ka sa a ranka bashi ne, ka nemi shawarar paston kan yadda za a mayar da shi ga masu ginin ko da kaɗan kaɗan ne. Kada ka ruga wurin mai gini kai kaɗai ka zazzage komai ba shiri, sa hannunka na cikin takardun.

Ka gaya ma tsohonka. Na san kana ɓoye mishi ne don kada ciwonshi shi tashi, kuma kula da shi da kake yi umarnin Allah ne, ba mai ce maka ka bari. Amma shi ya haɗa ka da Baba, in labarin ya iske shi ta bakin Baba za a ce mishi ɗanka ya yi mini butulci. Gara shi ji daga gare ka, ka je da kanka in da hali, ka zauna kusa da shi ka faɗa a hankali. Dattawanmu na karkara da sunka riƙe bangaskiya cikin ƙauyukan da su kaɗai ne masu bi sun san tsadar abin nan fiye da mu, kada ka yanke mishi hukunci tun bai ji ba.

Ku kuma ƴan ikilisiya da ke karanta wannan, in yaron nan ko wani irinshi ya rasa aiki saboda ya ƙi ƙarya, maganin tsohonshi da kuɗin lakwal na ƙannenshi sun zama namu. Yakubu 2:15-16 ta yi magana kan mai ce ma ɗan'uwa ka tafi lafiya ka ji ɗumi ka ƙoshi ba tare da ya ba shi komai ba. Zumuntar mata da ta maza suna iya haɗa kuɗin biki cikin mako guda, to wannan ma ana iyawa, kuma masu shaguna da kamfanoni cikinmu ku tuna da shi in kuna neman mai riƙon kaya.

Ɗana, ka sake rubuto mini bayan ka gana da Baba. In ya yi maka barazana da tsoffin bon ɗin da ka sa ma hannu, kada ka amsa mishi komai a wurin kuma kada ka sa hannu kan wata sabuwar takarda da zai ba ka, sai ka fara ganin wanda ya san doka tare da paston naka.